Na'urar Hureira a Kogin Yauri

Bukit Jalil, Kuala Lumpur
4 ga Agusta, 2024

Baffa Abdulwahidu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa. Ya ciwon gwiwar? Ya Inna Mubina da ɗanku Yaya Bahauddeen? Ni lafiya lau, sai 'yar murar da sanyin ɗakin gwaji ke sa ni. Na san ba ka sauraren saƙon murya, ka ce maganar kirki a rubuce ake yin ta, shi ya sa na zauna na rubuto, a buga maka a takarda a shagon kwamfuta.

Malam Levi, wani malaminmu a nan, ya taso jiya zai je Kontagora, kuma ya yi alƙawarin ƙarasawa Yauri ya miƙa maka kwali. Abin da ke ciki wata goma sha takwas na yi ina haɗa shi, a kansa za a ba ni digiri na biyu ko a hana ni. Na'urar tuƙi ce ta ƙaramin injin nan da kuke ratayawa gefen babba don ko-ta-kwana. In babban ya mutu a tsakiyar kogi, direba hannu huɗu yake buƙata, biyu a kan tuƙi, biyu a cikin inji. Ita za ta riƙe masa tuƙin. A ɗaura sandarta a hannun ƙaramin injin, a tayar da shi, a saita goshin jirgi inda aka nufa, a danna koren maɓalli. Akwai kamfas mai nuna alƙibla a cikin akwatin na'urar. Duk sanda ruwa ya karkatar da jirgi, sai ta tura hannun injin ta maido shi. Ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi. In direba yana son karɓar tuƙinsa, ya zare jar ƙusar da ke jikin sandar, nan take za ta saki.

Na gwada ta a wani tsohon ramin haƙar kuza da ya zama tafki a wajen Puchong, amma ruwan a kwance yake kamar na cikin baho. Mai duba aikina, Dakta Najib, ya ce, "Boleh, ba laifi, Hureira, amma wannan tafki ne. Kawo mini kogi." Ni kuma kogi ɗaya na sani. Kai da marigayi Abbana 'ya'yan wa da ƙani ne, kuma a zuriyarmu babu wanda ya san ruwan Yauri kamarka.

Sharaɗi biyu ne, Baffa. Kada a gwada ta da fasinja. Kada a ajiye ƙarfe kusa da akwatin, domin ƙarfe yana rikita kamfas. Na bar ta a hannun Yaya Bahauddeen, tunda shi ya yi kwalejin fasaha, ya san waya da batir. Akwai katin memori a cikinta mai rubuta duk abin da ta yi. Shi nake buƙata kafin ƙarshen Satumba, saboda ranar ashirin ga Nuwamba zan kare aikin.

Ka gaishe mini da Umma in ka biya ta gida.

'Yarka,
Hureira

Bukit Jalil
9 ga Satumba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Sai dai in yi fata, tunda mako biyar ke nan ko layi ɗaya ban samu daga gare ka ba. Ni lafiyar jiki ina da ita.

Malam Levi ya dawo tun tuni, ya ce a hannunka ya sa kwalin. Na kira Yaya Bahauddeen ya fi sau goma, ba ya ɗauka. Na yi ta ba ku uzuri, na ce ko damina ce, ko sabis.

Jiya da la'asar na shiga wani mamak, wato shagon shayi da abinci, a ƙasan gidanmu ina jiran ruwa ya tsagaita, sai wata ƙawata ta turo mini bidiyo, wai in ga wani haziƙin matashi a garinmu. Na buɗe, sai ga Yaya Bahauddeen a tsaye a cikin jirginka, ya harɗe hannuwa a ƙirji, jirgi yana tafiya da kansa. An shafe baƙin akwatina da koren fenti, an rubuta "Bahau Tek" a jiki. Mai ɗaukar bidiyon ya tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Shekara biyu na yi ina nazari a kai." Shekara biyu, Baffa. Ni da nake hawa jirgin ƙasa zuwa Pudu ina bin shago-shago a Jalan Pasar neman ƙananan kaya, ni da ƙarfen liƙa waya ya ƙona mini yatsu har ba na iya cin abinci da hannu.

Wannan ya ƙona mini rai, amma ba shi ya hana ni shan shayin da na saya ba. Na tsayar da bidiyon na ƙirga: mutum ashirin da shida a cikin jirgin, har da mata masu goyo. Kuma ga babur kwance a tsakiya. Na rubuta muku sharaɗi biyu da Hausar da kowa ke ji, kun take duka biyun, kuna dariya a gaban kyamara. Kai ma na hango ka a baya, zaune, kana kallo.

A cire ta yau. A goge bidiyon. A turo mini abin da ke cikin katin. Ina jiran amsa.

Hureira

Yauri
15 ga Satumba

Hureira,

Wa alaikis salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Gwiwa tana nan yadda take. Mahaifiyarki ta yi zazzaɓi kwana uku, ta warke.

Kin ce kina jiran amsa. Ga ta, kuma da hannuna na rubuta, na sa aka ɗauki hotonta aka turo miki, don kada ki ce wani ne ya tsara mini.

Na farko, takardarki tana nan a aljihuna. Kin rubuta, "Na bar ta a hannun Yaya Bahauddeen." A nan garin, in mutum ya ce ya bar maka abu, ya bar maka ke nan. Maganar shekara biyu ƙarya ce ya yi, kuma na gaya masa a gaban uwarsa. Amma ba ɓarawo ba ne, kada ki sake rubuto mini magana mai kama da haka.

Na biyu, kin ce a gwada babu fasinja. Jirgi marar kaya ba jirgi ba ne, ƙwarya ce a kan ruwa. Yadda yake juyawa da mutum talatin daban, yadda yake juyawa fanko daban. In kogi malaminki yake so, wannan shi ne kogin.

Na uku shi ne dalilin shiruna. Na karanta inda kika ce na'urarki ba ta gyangyaɗi. Na ninke takardar, na kwana biyu ban iya cin abincin kirki ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan da injina ya mutu a tsakiyar ruwa, jirgi ya bugi kututture, mutum huɗu suka tafi, cikinsu har da yayanki Al-Amin. Ni ke riƙe da tuƙi. A lokacin 'yan tasha sun yi ta raɗa wai barci ya ɗauke ni. Mahaifinki har ya koma ga Allah bai taɓa faɗa mini haka ba. Mahaifiyarki ba ta taɓa ba. Sai ke, da kike 'yar shekara goma sha huɗu a lokacin, kika tafi ƙarshen duniya kika ƙera ƙarfe kika aiko mini, da takardar cewa shi ba ya barci. Da kin zage ni kai tsaye ya fi mini sauƙi.

Shi ya sa ban taɓa akwatin ba. Na ce wa Bahauddeen ya yi yadda ya ga dama da shi. Shekara arba'in da ɗaya ina tsallaka wannan kogi, ba na buƙatar a koya mini buɗe ido daga Maleshiya.

Baffanki,
Abdulwahidu

Bukit Jalil
16 ga Satumba

Baffa,

Assalamu alaikum. Allah ya ƙara wa Umma lafiya. Ba wanda ya gaya mini ta yi zazzaɓi, ko ita ɓoye mini ta yi.

Na karanta takardarka a cikin jirgin ƙasa, na wuce tashata ban sani ba, sai a Sri Petaling na farga. Wallahi ban taɓa jin raɗar 'yan tasha ba sai a rubutunka. Wancan layin daga takardar aikina na fassaro shi, haka ake rubutawa a kan kowace na'ura irin wannan. Ni abin da na sani tun ina yarinya shi ne abin da kai ka faɗa a zauren gidanmu ranar sadakar uku: raga ta naɗe farfela, inji ya mutu, ka saki tuƙi don ka warware ta, ruwa ya juya jirgi. Wannan maganar ce ta bi ni har nan. Na ce da Baffa yana da wanda zai riƙe masa tuƙi a ranar, da Yaya Al-Amin yana raye. Domin ka na yi ta. Kai kuma ka ɗauke ta zagi, ka yi fushi a ɓoye mako biyar, ka bar mutane suna hawa kan abin da ban gama gwadawa ba.

A nan ne ba zan yi maka uzuri ba. Ka ce an ɓata maka rai. To matan da ke cikin jirgin me suka yi maka? In ka tsani na'urar, ka jefa ta a kogi mana. Amma ka zauna a bayan jirgi ka naɗe hannu don ka nuna mini ba ruwanka, alhali kai ne mai jirgin.

Maganar "na bar ta" kuwa, Yaya Bahauddeen ya san abin da nake nufi, domin mun yi waya da shi kafin Malam Levi ya taso. Ka tambaye shi.

Ina sake faɗa: ƙarfe yana ja wa kamfas hankali. In aka matsar da ƙarfe kusa da akwatin tana cikin aiki, za ta zaci jirgi ne ya karkace, ta juya shi da ƙarfinta. A cire ta.

Hureira

Yauri
12 ga Oktoba

Hureira,

Assalamu alaikum. Kowa yana raye, da wannan zan fara. Ni kafaɗata ta goce, an gyara. Mahaifiyarki lafiya lau, ba ta cikin jirgin.

Takardarki ta ƙarshe ta same ni. Na sa Bahauddeen ya kwance na'urar, ya kwance a gabana. Ban amsa miki ba saboda ban san me zan ce ba. Ashe bayan kwana goma ya mayar da ita, don wasu baƙi sun ce za su zo daga Birnin Kebbi su gani.

Ranar Talata muka taso daga kasuwar tsallake, ruwa ya cika sosai. Na ga akwatin tun a bakin gaɓa. Mutane sun riga sun shiga, rana ta yi, na ce in mun isa gida ma yi ta da shi. Wannan laifina ne. A tsakiyar kogi ya kashe babban inji da gangan, ya tayar da ƙaramin, ya danna maɓalli, wai gwaji yake kafin baƙin su zo. Ta riƙe hanya daidai, ba zan ɓoye ba. Sai wani mai bandir biyu na kwanon rufi ya ga ruwa yana fallatsa wa kayansa, ya jawo su baya, ya jingina da akwatin.

Ban ga lokacin da ya jawo ba. Ƙarar ruwa a jikin katako ce ta canja a kunnena. Na ɗaga kai, goshin jirgi ya bar bishiyar da muke nufa, mun ba igiyar ruwa gefe. Na ce, "Bahauddeen, zare ƙusar." Ya tsaya yana danna maɓalli yana cewa, "Bari ta gyara kanta, Baba." Na taka kan buhuna na ture shi, na zare ƙusar, na kama hannun injin. Lokacin tayar da babba ya wuce. Na zaɓi tudun yashi da ke hagu, na kai mu can da ƙaramin. Mun dake shi da ƙarfi. Wata mata, Halimatu Sadiya mai sayar da manja, ta faɗa kan kwanon, ya yanke ta a hannu, ta kuma karye. Tana asibiti. Likita ya ce yatsu biyu ba lallai su sake lanƙwasuwa ba.

Da mutane suka taru a tasha suna neman mai na'urar, Bahauddeen ya ce ba tasa ba ce, wata ƙanwarsa ce ta aiko daga waje ba tare da ta yi bayani ba. Na ji da kunnena. Gara ki ji daga gare ni.

Abdulwahidu

Bukit Jalil
13 ga Oktoba

Baffa,

Wa alaikas salam. Allah ya ba Halimatu Sadiya lafiya, ya ba ka. Ni ban san yadda nake ba.

Da ana tafi, tasa ce. Da jini ya zuba, ta zama tawa, har da ƙarin cewa ban yi bayani ba. Takarduna uku suna hannunka. Ka kai su tasha ka karanta wa mutane, ko ka ba wani ya karanta. Ba roƙo nake ba. Kuma ka faɗa wa Yaya Bahauddeen kada ya kira ni. Ya kira sau biyu yau, mutumin da wata biyu ba ya ɗaukar wayata.

Na je kasuwar Chow Kit da safe sayen busasshen kifi, na tsaya gaban wata mai yanka kaza ina kallon yatsunta, har ta tambaye ni ko lafiya. Ni na ƙera abin da ya juya jirgin nan. Na san ƙarfe yana rikita ta, amma maimakon in sa ta gane hakan ta saki tuƙi da kanta, sai na rubuta gargaɗi a takarda na ɗauka na gama. Da kaina ma fushi nake, kada ka zaci ku kaɗai ne.

Ka kai katin shagon kwamfuta a turo mini duk abin da ke ciki. Ka turo mini lambar mijin matar ko ɗanta.

Hureira

Yauri
19 ga Oktoba

Hureira,

Assalamu alaikum. Kafaɗa da sauƙi. An sallami Halimatu Sadiya, lambar mijinta tana ƙasan takardar nan. An tura miki abin cikin katin jiya. Na tsaya a tasha bayan sallar Juma'a na karanta sharuɗɗanki da ƙarfi. Bahauddeen ya bar kwana a gida, yana wajen abokinsa.

Akwai abin da ya rage. Kin ce saboda maganar da na yi a zaurenku kika ƙera na'urar. Tun da na karanta wannan layin nake ɗauke da shi kamar dutse.

Babu ragar da ta naɗe farfela. Injin ya kwana uku yana tari kafin ranar. Makaniki ya duba ya ce kada in tsallaka sai an canja masa bututun mai. Ranar kasuwa ce, mutane sun cika bakin ruwa suna kiran sunana, na ce zai kai mu ya dawo da mu. Bai dawo da mu ba. Ban yi barci ba, wannan gaskiya ne. Amma ragar ni na ƙirƙire ta a hanyar zuwa gidanku, saboda na kasa kallon mahaifinki in ce na sani. Makanikin ya rasu, babu wanda ya sani sai ni, yanzu sai ke.

Kin yi wata goma sha takwas kina gyara ƙaryata.

Abdulwahidu

Bukit Jalil
22 ga Nuwamba

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Ina fata kafaɗar ta warke.

Na yi wata guda ban amsa ba, saboda duk abin da na rubuta ba irin wanda ake aika wa babba ba ne.

Shekaranjiya na kare aikin. Katin ya nuna komai: cikin daƙiƙa biyu kamfas ya yi tsalle da digiri arba'in, na'urar ta bi shi. Dakta Najib ya ba ni shawara in tsaya a kan sakamakon tafki. Ya ce, "Ba ke kika yi gwajin kogin ba, ba dole ki sa shi ba." Na sa shi, babi guda, da izinin Halimatu Sadiya. Malaman da suka zauna a kaina ba su kayar da ni ba, ba su kuma sake ni ba. Sun ƙara mini wata shida in sake ginin, yadda in kamfas ya yi irin wannan tsalle za ta yi ƙara ta saki tuƙi. Abokan karatuna za su sa rigar yaye a watan gobe, ni ina ɗakin gwaji. Wannan na yarda da shi, haƙƙina ne.

Naka kuwa ban yarda ba. Abba ya rasu yana yi maka addu'a, yana cewa ƙaddara ce ta same ka tare da mu. Duk sallah Umma tana aika maka da tuwo kafin ta ci. Shekara goma sha ɗaya kana karɓa. Kuma da ka ga layi ɗaya a takardata, kai ne ka yi fushi, kai ne aka zalunta.

Ba zan ce na yafe ba, domin ba ni ce ta farko a layi ba. Ka je wajen Umma ka faɗa mata da bakinka, a zaune, ba a takarda ba. Na ba ka zuwa Juma'a mai zuwa. In ba ka je ba, ni zan kira ta.

Hureira

Yauri
27 ga Nuwamba

Hureira,

Wa alaikis salam. Muna lafiya.

Na je yau da hantsi. Na same ta tana tsince shinkafa a tsakar gida. Na zauna a ƙasa, na faɗa mata duka, ban rage komai ba. Ba ta ɗago ba har na gama. Sannan ta ajiye faifan ta ce, "Abdulwahidu, ni na raka Al-Amin bakin ruwa da safen nan. Na ji tarin injin da kunnena. Ya ce mini, 'Umma, ko in bari sai jirgin baya?' Na ce ya shiga, na Baffansa ne."

Ta ce tun ranar sadakar uku ta san babu wata raga. Ta yi shiru ne saboda in ta tone ni, sai ta tone kanta.

Da zan tafi na ce mata ke kika turo ni, kuma kina jiran jin yadda muka yi. Ta ce in rubuto miki duk abin da ta faɗa, kada in gyara. Ta ce in kin karanta, ki kira ta, wayar tana kusa da ita. Ta ce in da sauran faɗa a bakinki, ki kawo mata nata kason.

Baffanki,
Abdulwahidu